Kwangilar Jiragen Soja: Wa Ke Da Bakin Cewa Bai Yarda Ba?

A gabashin Sakkwato, daga Rabah zuwa Isa da Sabon Birni, maganar jirgin yaƙi ba ta wuce biyu: ya zo, ko bai zo ba. In ya zo a yi hamdala, sai fa idan zuwan ya zo da tsautsayi, kamar yadda aka gani a ƙaramar hukumar Silame ranar 25 ga Disamba, 2024. In bai zo ba kuwa, sai majalisar hira ta ɗauka. Wani ya ce da hannun manya, wani ya ce an kira an kira ba a ɗaga waya ba. Da wuya ka ji wanda ya kawo cewa jirgi kan iya zama a ƙasa wata da watanni, an sauke masa inji, ana jiran wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, saboda kamfanin da aka ba kwangilar kawo shi bai kawo ba, ko ya kawo wanda bai dace ba. Ba kowane rashin zuwa ne ke da wannan dalili ba. Amma duk jirgin da ka ji rugugin tashinsa, akwai tarin takardun kwangila a bayansa, kuma yadda aka ba da su da wanda aka ba, abu ne da ya shafi mai noma a Gatawa ko da bai taɓa ganin ƙofar ma'aikatar tsaro ba.

Sayen jirgi shi ne abin da ake kira 'yan jarida a ɗauki hoto. Ɗawainiyarsa ita ce mai cin kuɗi. Ana lissafa rayuwar jirgi da awoyin da ya yi a sama. Idan ya cika wasu awoyi dole a duba shi, idan ya cika wasu dole a kwance shi a yi masa garambawul. Akwai man jirgi da sai an gwada tsabtarsa kafin a zuba, akwai tayoyi, akwai kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin haɗari wadda sinadarinta ke da ranar lalacewa, ga horar da matuƙa da injiniyoyi, ga fitilun titin sauka, ga rumfar ajiya, ga hayar jiragen jigila. Kowanne kwangila ne mai zaman kansa. Rundunar sojin saman Najeriya kuwa ta tara jirage daga ƙasashe daban-daban: Mi-35 na Rasha, JF-17 daga Pakistan, T-129 daga Turkiyya, marasa matuƙa daga Sin, Super Tucano ta hannun Amurka, ga cinikin M-346 da Italiya. Kowane iri da kayan gyaransa, da masu gyaransa, da dillalansa. Wurin nan ne kuɗi ke shiga a hankali, shekara bayan shekara, ba tare da kyamara ba.

Kuma harka ce ta tarayya zalla. Tsarin mulki ya sa tsaro da sufurin sama cikin abubuwan da Abuja kaɗai ke da iko a kansu. Gwamna na iya sayen motoci da babura ya miƙa wa jami'an tsaro a Sakkwato, amma ba shi da ta cewa kan wanda zai zuba wa jirgi mai.

To a ce wani kamfani na nan gida, mai ofis a titin Kano ko titin Maiduguri, ya ga talla a jarida ana neman mai gyara fitilu da shingen wani sansanin sojin sama. Ya haɗa takardunsa: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta fansho, ta asusun horar da ma'aikata, da takardar banki mai tsaya masa. Ya rufe ambulan ya jefa a akwati kafin cikar wa'adi. Ranar buɗewa ya zauna a zaure, aka yage ambulan ɗaya bayan ɗaya, ana karanto sunan kowane kamfani da farashinsa, shi kuma yana rubutawa a bayan takarda. Ya ji da kunnensa cewa nasa ya fi sauƙi. Bayan wata biyu sai ya ji an ba wani da farashinsa ya ɗara nasa nesa ba kusa ba. Me zai yi?

Dokar bayar da kwangila ta ƙasa, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin 2007, ta ba shi hanya, kuma hanyar tana sashe na 54. Da farko yana da damar neman a yi masa bayanin abin da ya kayar da shi. Wannan bayani na da amfani, domin mafi sauƙin farashi ba shi kaɗai ake dubawa ba. Abin da dokar ta ce shi ne mafi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Mai yiwuwa takardar harajinsa ce ta tsufa, ko injiniyan da ya rubuta sunansa ba shi da shaidar da aka nema. In haka ne, sai ya haƙura ya gyara gaba. In kuwa bayanin bai gamsar da shi ba, zai rubuta ƙorafi ga babban jami'in da ke riƙe da asusun ma'aikatar cikin ranakun aiki 15 daga ranar da ya san abin da ya faru. Shi jami'in yana da ranakun aiki 15 ya ba da amsa a rubuce. In ya yi shiru ko amsar ba ta yi ba, ɗan kwangila na da ranakun aiki 10 ya kai kukansa Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli ta Ƙasa, wato BPP. Da zarar hukumar ta karɓa, doka ta ce ta sanar da ma'aikatar ta kuma dakatar da duk wani mataki kan kwangilar har sai ta yanke hukunci, kuma ta yanke cikin ranakun aiki 21. Tana da ikon soke abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ko ta maye gurbinsa da nata hukuncin. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

Duk wanda ya tsallake mataki ɗaya ya zarce kotu, lauyan gwamnati ba zai ma taɓa gundarin maganar ba. Zai miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi domin mai ƙara bai bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, kuma sau da yawa a nan shari'a ke mutuwa. Haka wanda ya makara da kwana ɗaya. Sannan ƙofar ta wanda ya shiga neman kwangilar ce kaɗai. Mutumin Isa da rashin jirgi ya fi shafa ba shi da gurbi a sashe na 54.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Matsalar tana farawa ne da zarar an ambaci kalmar tsaro. Dokar 2007 kamar yadda aka fara rubuta ta, a sashe na 15, ta cire sayayya ta musamman da ta shafi tsaron ƙasa daga ƙarƙashinta, sai in shugaban ƙasa ne ya ba da izinin a bi ta. A ƙarshen 2020 aka yi wa sashen gyara ta cikin Dokar Kuɗi, aka lissafo hukumomin tsaro cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Amma akwai wata ƙofar a sashe na 42, wadda ta yarda a ɗauki kamfani guda kai tsaye ba tare da gasa ba idan abin ya shafi tsaron ƙasa, ga kuma sashe na 43 na sayayyar gaggawa. Inda ba a yi talla ba, ba wanda ya nema. Inda ba wanda ya nema, ba wanda ya faɗi, balle a samu mai ƙorafi. Sai kuma cinikin gwamnati da gwamnati, irin wanda aka yi na Super Tucano 12: Najeriya ta biya gwamnatin Amurka, ita kuma rundunar sojin saman Amurka ta ba kamfanin Sierra Nevada kwangilar a 2018. Hayaniyar da aka yi a nan gida ba ta 'yan kwangila ba ce, ta majalisa ce, kan dala miliyan 496 da gwamnatin Buhari ta cira daga asusun rarar man fetur kafin ta nemi amincewar 'yan majalisa. Jiragen sun fara isowa a Yulin 2021, aka ajiye su a Kainji.

Abin sha'awa, wannan jirgi da muke gani a sararin arewa ya sha shari'a a Amurka kafin ya samu gindin zama. A 2011 rundunar sojin saman Amurka na neman ƙananan jiragen yaƙi 20 domin Afghanistan. Kamfanin Hawker Beechcraft ya shigo da nasa jirgin AT-6, Sierra Nevada kuma ya haɗa gwiwa da Embraer na Brazil suka kawo Super Tucano. Aka cire Hawker daga gasar. Ya kai kuka ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, wanda shi ke sauraren irin wannan ƙorafi, aka kore shi saboda ya makara. A Disamba aka ba Sierra Nevada kwangilar ta dala miliyan 355. Hawker bai haƙura ba, ya tafi kotun da ke sauraren ƙararrakin kuɗi a kan gwamnatin tarayya. A nan allura ta tono garma. Da rundunar ta zo haɗa takardun da za ta kare kanta, sai ta ga ita kanta ba ta gamsu da su ba, ta soke kwangilar a Fabrairun 2012. Aka sake gasa, Sierra Nevada ya sake ci a Fabrairun 2013, wannan karon kan dala miliyan 427. Beechcraft ya sake ƙorafi. Rundunar ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta na ci gaba da aiki duk da ƙorafin, bisa hujjar buƙatar ƙasa, kuma a watan Yuni GAO ta ce an ba da kwangilar daidai. Jiragen ba su isa Afghanistan ba sai farkon 2016.

Wannan labari na da fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya ba. Ƙorafi ya bankaɗo sakaci na gaske. Ƙorafin nan kuma ya ci fiye da shekara guda, farashi ya tashi, wanda ya ci da farko shi ya ci daga ƙarshe. Hafsan da ke cewa ba zai zauna jiran lauyoyi ba alhali ana kashe mutane, ba shirme yake faɗa ba.

Babbar shari'ar da aka fi sani ita ce ta jiragen da ke zuba wa wasu mai a sama. A Fabrairun 2008 rundunar sojin saman Amurka ta ba Northrop Grumman da abokin haɗin gwiwarsa na Turai, EADS, kwangilar jirage 179 mai darajar kusan dala biliyan 35. Boeing ya yi ƙorafi. A watan Yuni GAO ta ba shi gaskiya, kuma hujjojinta ba su da alaƙa da wane jirgi ya fi wani. Cewa ta yi rundunar ta rubuta ma'auni ɗaya a takardar gayyata, ta zo ta auna da wani. Ta ba ɗaya ɓangaren maki kan abin da ta ce ba za ta ba da maki a kai ba, ta yi wa ɓangarorin biyu bayanin da bai zo daidai ba, ta kuma yi kuskure wajen lissafin kuɗin ɗawainiyar jiragen na tsawon rayuwarsu. Aka rushe, aka sake, Boeing ya ci a 2011. Mai sauraren ƙorafi ba ya zama matuƙin jirgi. Tambayarsa ɗaya ce: abin da kuka ce za ku bi, kun bi?

Abubuwa uku ne suka sa tsarin nasu ke tafiya. Dokar gasa ta 1984, bayan gyaran da aka yi mata, ta ba GAO kwana 100 ta gama, ba ɗagewa. Idan an shigar da ƙorafi cikin kwana 10 da ba da kwangila, aiki na tsayawa da kansa, amma babban jami'i na iya ɗage tsayawar a rubuce, da sunansa da dalilinsa, kuma ana iya ƙalubalantar wannan ɗagewa a kotu. Na uku shi ne yadda suke yi da sirri: lauyoyin mai ƙorafi na ganin takardun da aka killace bayan sun ɗauki alkawarin riƙe amana, amma shi kamfanin da ya ɗauke su ba ya gani, sannan a fitar da hukunci ga jama'a bayan an shafe wuraren da ba a son su fita. Ba yawancin masu ƙorafi ke cin shari'ar ba. Sai dai kusan rabi kan samu wani gyara, galibi saboda ma'aikatar na ganin ƙorafin sai ta janye ta sake dubawa da kanta. Kada a ɗauka can waliyyai ne. A 2004 an ɗaure wata babbar jami'ar sayayya ta sojin samansu, Darleen Druyun, saboda ta fifita Boeing lokacin da take neman aiki a wurinsu.

A ra'ayina, wanda ya nemi kwangila ya faɗi shi ne mai binciken da ya fi kowane arha, kuma ya fi kowane saurin isowa. A Kara, idan an sayar da sa a farashin da bai kai ba, ba mai wucewa ne zai gane ba, wanda ya taya aka ce masa albarka ne zai gane, domin ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya san abin da ya saka. Babban mai binciken kuɗi na tarayya yana zuwa ne bayan shekara biyu ko uku da takardun da aka ga damar ba shi. Kwamitin majalisa na zuwa da siyasarsa. Shi kuwa wanda ya faɗi ya san farashin taya a masana'anta, ya san ko wanda aka ba yana da injiniya ko ofis kawai gare shi a jaka. Ba don kishin ƙasa zai yi magana ba, don aljihunsa zai yi, kuma hakan bai rage wa maganarsa amfani ba.

Amma tambayi ɗan kwangila a nan me ya hana shi rubuta ƙorafi, za ka ji ya ce: "Haba Malam, mi yak kai ni? Gobe ma can za ni koma neman aiki." Gaskiyarsa. Mai saye ɗaya ne a wannan kasuwa. Ba wata doka da ta ce a daina ba mai ƙorafi aiki, amma ba sai an rubuta ba, sunansa ne kawai zai daina fitowa cikin waɗanda ake gayyata. Ga kuɗinsa na wani aikin da ya gama yana maƙale a ofis ɗin da zai kai ƙara. Ga tsoron kaki. Ga kotu, wadda ba ta da wa'adin kwana 100, inda za a yi ta ɗage zama har wanda aka ba ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya gama aikin ko ya gudu ya bar shi. Don haka mafi yawa sukan zaɓi su nemi wanda ya ci ya yaga musu wani ɓangare.

Abin da wannan shiru ke haifarwa mun gan shi a 2015. Buhari ya kafa kwamiti ƙarƙashin wani hafsan sojin sama mai ritaya, John Ode, ya binciki sayen makamai daga 2007. Rahoton wucin gadi ya yi zargin an ba da kwangilolin jiragen Alpha huɗu da masu saukar ungulu 12 da bama-bamai waɗanda ba a kawo ba. Wani rahoton a farkon 2016 ya yi zargin an sayo tsofaffin Mi-24 guda biyu a madadin Mi-35 da aka ba da shawara, kan kusan dala miliyan 137, kuma ba su da lafiyar tashi lokacin da aka kawo su. Tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, ɗan gidan sarautar Sakkwato, ya musanta zargin da aka yi masa, ya kuma shafe shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi, sai Disambar 2019 aka sake shi. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan magana, abu ɗaya a fili yake: ihu ne bayan hari. Tambayar da ya kamata a yi a makon da aka sa hannu, ta farashi da ingancin kaya, an yi ta bayan gwamnati ta sauya, lokacin da ta riga ta koma rigimar jam'iyya. Sojan da ya jira jirgin a Borno bai amfana da rahoton ba.

Akwai sirrin da ya cancanci sunansa. Inda jirgi zai kai hari, irin na'urar da ke cikinsa, yawan harsashin da ya rage a ma'ajiya, waɗannan ba na jarida ba ne. Amma kuɗin litar man jirgi, da kuɗin kwalta a titin sauka, da sunan kamfanin da ke ciyar da ma'aikata, jagoran 'yan bindiga Bello Turji ba zai ƙaru da komai ba in ya san su. Cusa su duka cikin buhu ɗaya a rubuta tsaron ƙasa a kai shi ne ya kashe sashe na 54 a wannan fanni. Raba su ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Yana buƙatar a fayyace a rubuce wane aiki ne na sirri, a saki sauran su bi gasa, a sa duk wanda ya zaɓi kamfani guda ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, a kuma ba wa kotu wa'adi da hanyar sauraren abin da aka killace a bayan labule. Mai ƙorafin ƙarya ma a yi masa tanadi, domin akwai masu shigar da ƙara don kawai a kira su a sasanta da su. Dokar dai ba ta rasa haƙora ba: sashe na 58 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya karya ta, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin.

Ga wanda ba ɗan kwangila ba, ƙofofin da suka rage kaɗan ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana bakwai. Ta yarda a hana abin da zai cutar da tsaro, amma ta ce a auna shi da maslahar jama'a, kuma wanda aka hana na iya zuwa kotu. Akwai kuma sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 11 da Sakkwato ke turawa Abuja, inda kowace shekara hafsan sojin sama ke zuwa kare kasafinsa a gaban kwamiti. Mun saba jin su suna gabatar da ƙudurin a turo ƙarin jirage gabashin jihar. A zaman kare kasafi suna da hurumin su tambayi jirage nawa ne ke iya tashi cikin waɗanda aka riga aka saya, wane kamfani ke riƙe da kwangilar gyaransu, ta gasa aka ba shi ko kai tsaye, kuma kamfanoni nawa suka nema tare da shi.